Ƙwallayen Ƙarfe na Dutsen Navajo: Daga Ina Ƙarfen Ya Zo, Kuma Yaushe Ya Daskare?

A kudancin jihar Utah ta Amurka, a wani fili da ake kira Spencer Flat kusa da garin Escalante, akwai wuraren da da wuya mutum ya ajiye ƙafa bai taka ƙwallon dutse ba. Baƙaƙe ne ko masu ruwan ƙasa mai duhu, sun baje bisa farin dutsen yashi da ake kira dutsen Navajo, sun taru jingim a kwaruruka inda iska da ruwan sama suka gangaro da su. Ƙananansu ba su wuce 'yan milimita ba, manyansu kuwa kan kai santimita goma har su ɗara. An fi sanin su da sunan duwatsun Moqui. Idan aka fasa ɗaya, abin da ake tararwa a yawancinsu shi ne ɓawo mai tauri, baƙi wuluk, mai kaurin 'yan milimita, a cikinsa kuma yashi mai haske wanda ɗan yatsa ma yana iya marmashe shi. Ƙarfen duk yana ɓawon. Cikin kusan babu komai.

Wannan siffa ce ta sa masana ilimin duwatsu suka shafe shekaru suna muhawara, kuma ita ce zan bi a wannan nazari, domin a ganina duk bayanin da bai iya faɗin dalilin da ya sa cikin ya zama fanko ba, bai kai ga asalin maganar ba.

Kafin nan sai a kawar da zato uku da sukan fara zuwa wa wanda ya tsinci irin wannan dutse. Wani ya ce daga sama ya faɗo, wani ya ce kogi ne ya yi ta mirgina shi har ya zama ƙwallo, wani ya ce ƙwan wata dabbar zamanin da ne ya koma dutse. Amsar duka ukun tana jikin bangon dutsen da bai riga ya zaizaye ba, inda ake ganin ƙwallayen a maƙale a mazauninsu na asali. Dutsen yashin yana da layuka sirara, kowane layi shaidar wani zubin yashi ne da iska ta yi. Waɗannan layuka suna shiga cikin ƙwallon ta gefe ɗaya su fita ta ɗaya gefen ba tare da sun lanƙwashe ba. A jikin wasu ƙwallayen ma layin yakan fito kamar ɗamara da ta kewaye tsakiyarsu. Abin da ya faɗo daga sama ko ruwa ya kawo daga wani wuri zai danne layukan da ke ƙarƙashinsa, na samansa kuma su rufo a kansa. Nan ba haka ba ne. Ƙwayoyin yashin da ke cikin ƙwallon iri ɗaya ne da na wajensa, suna nan inda iska ta ajiye su. Ke nan ƙwallon a cikin dutsen ya tsiro, bayan yashin ya daɗe da kwantawa: wani abu ne ya shiga ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ya liƙe su da juna. Da zaizaya ta zo, ta cinye dutsen mai laushi, ta bar masu taurin a fili.

A kan wannan babu saɓani. Saɓanin yana kan mene ne ya fara shiga ramukan.

Tarihin dutsen

Dutsen Navajo ragowar wata babbar hamada ce da ta rufe yammacin nahiyar Amurka ta Arewa a farkon zamanin Jurasik, kimanin shekara miliyan 180 zuwa 190 da suka wuce. Tuddan rairayi ne suka yi ta hawa kan juna har kaurinsu ya haura mita 600 a inda gandun Zion na jihar Utah yake a yau. Yashin kusan zallar ma'adinin kwaz ne, amma akwai ɗan gauraye na wasu ma'adinai masu ɗauke da ƙarfe. Waɗannan suka ruɓe tun da wuri, ƙarfensu ya yi tsatsa, tsatsar ta shafe kowace ƙwayar yashi da wani siririn rufi na ma'adinin hematait. Wannan rufin ne ya ba dutsen launin ja. Yawan ƙarfen kaɗan ne ƙwarai idan aka auna shi da nauyin dutsen, amma ya bazu ko'ina, cikin dutse mai faɗin dubban murabba'in kilomita.

To amma ba duk dutsen ne ja a yau ba. Wanda ya kalli bangayen Zion zai ga ƙasan ja ne, saman fari tas. A wasu wuraren farin yana bin tsagar ƙasa, ko ya mamaye ƙololuwar inda shimfiɗun dutse suka yi doro. Kuma iyakar da ke tsakanin fari da ja tana yanke layukan yashin yadda ta ga dama, abin da ke nuna cewa farin daga baya ya zo. Wani abu ne ya wanke jan.

Don a gane abin da zai iya wanke tsatsa daga jikin dutse, sai a tuna da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. Yakan fito garau, a cika bokiti, kafin a jima sai ya juya ja-ja, ya bar dattin tsatsa a gindin bokitin. Ƙarfe yana da hali biyu. A inda babu iskar oksijin yana narkewa cikin ruwa, ido ba ya ganinsa, ruwan kuma yana iya tafiya da shi nesa. Da zarar ya haɗu da oksijin sai ya rasa wannan damar, ya koma tsatsa ya kwanta a nan take. Duk labarin duwatsun Moqui yana tsakanin waɗannan halaye biyu: abin da ya narkar da ƙarfen, hanyar da ya bi, da wurin da oksijin ta tare shi.

Bayani na farko: haɗuwar ruwa biyu

Marjorie Chan da William Parry na Jami'ar Utah, tare da ɗalibansu irin su Brenda Beitler, su ne suka fara tsara cikakken bayani tun daga shekarar 2000. Suka ce bayan an binne dutsen Navajo ƙarƙashin wasu shimfiɗu masu kauri, ruwa mai ɗauke da ɗanyen mai ko iskar gas ya taso daga ƙasa ta tsagogi ya shige shi. Dutsen kuwa mai ramuka ne, ruwa na ratsa shi cikin sauƙi, a samansa kuma akwai shimfiɗar Carmel mai laka da ke hana abu wucewa. Mai da gas sun fi ruwa rashin nauyi, don haka sai su taru a sama, ƙarƙashin wannan murfi, musamman inda dutsen ya yi doro. Daidai inda farin ya fi yawa ke nan. A 2003 suka wallafa nazarin da suka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, suka nuna yadda farin ke bin doron da ya samu a lokacin tasowar duwatsu da ake kira Laramide, har suka kawo shawarar cewa wataƙila yankin ya taɓa riƙe taskar mai ko gas mai girman gaske wadda ta tsere daga baya.

Irin wannan ruwa yana ƙwace oksijin daga tsatsa, ƙarfen ya narke ya bi shi. Can gaba, inda ya ci karo da ruwan ƙarƙashin ƙasa mai oksijin, sai ƙarfen ya kwanta. Ba ya kwanciya bai-ɗaya. Yakan fara a wasu ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya riƙa jawo ƙarfen da ke kewaye da shi daga kowace fuska daidai, shi ya sa ya zama ƙwallo. Manyan ɗigo suna cinye ƙanana, kowanne kuma yana talauta ƙarfen da ke kusa da shi, don haka ake ganin ƙwallayen da tazara mai kama da juna a jikin dutsen, ba a cunkushe a layi ɗaya ba.

Bayanin yana da ƙarfi. Ya haɗa farin dutse da baƙin ƙwallo a labari ɗaya: abin da aka cire daga can shi ne aka tara a nan. Ya kuma dace da ƙananan ƙwallayen da suke cike da ƙarfe har tsakiya. Inda yake ɗingishi shi ne kan masu ɓawo. Idan ƙarfe daga waje yake zuwa yana taruwa a kan wani ɗigo, tsakiyar ce ya kamata ta fi kowane sashe ƙarfe, don ita ce ta fara samuwa. Me ya sa ita ce ta fi talauci?

Bayani na biyu: akwai wani ƙwallo kafin wannan

A 2010 David Loope, Richard Kettler da Karrie Weber na Jami'ar Nebraska suka zo da wata amsa. Sun yarda cewa ruwa marar oksijin ne ya wanke jan, sai dai sun ce ruwan yana cike da iskar kabon dayoksaid tare da ɗan gas na metan, daga wata taska da ke ƙarƙashin doron Escalante. A irin wannan ruwa, narkakken ƙarfe yana iya haɗuwa da kabon ya daskare ba tare da ya taɓa oksijin ba, ya zama ma'adinin sidarait. A cewarsu, ƙwallayen asali na sidarait ne, cike tun daga tsakiya har baki.

Sai yanayi ya sauya. Kogin Colorado da rassansa suka yanka ƙasa suka yi zurfi, ruwan sama mai oksijin ya samu hanyar ratsa dutsen. Oksijin ta fara taɓa bakin ƙwallon sidarait, ƙarfen da ke wurin ya koma tsatsa. Wannan sauyi yana haifar da asid, asid ɗin ya narkar da sidarait ɗin da ke can ciki, ƙarfen da ya narke ya yi ta matsowa waje zuwa inda oksijin take, ya kwanta a bayan wanda ya riga shi. Haka ɓawon ya yi ta kauri yana ci zuwa ciki, cikin kuma yana rasa abin da ya liƙe yashinsa, har ya zama fanko. A wannan bayani tsakiyar ba ta taɓa zama matalauciya tun farko ba. Kwashe ta aka yi.

Hujjojinsu na jikin dutse ne. A cikin wasu manyan dunƙulen sun ga tsatsa mai siffar lu'ulu'un sidarait, wato tsatsar ta gaji gurbin ma'adinin da ya riga ta, ta riƙe kamanninsa. Sun kuma auna wasu dunƙulen masu siffar bututu, waɗanda ke da jelar tsatsa a gefe ɗaya, suka ga jelolin suna nuni zuwa fuskar da ruwa zai bi in yana gangarawa wajen Kogin Colorado. Ban da haka, a wasu duwatsu na wasu wurare ana samun dunƙulen sidarait da aikin ya tsaya a rabi: ɓawon tsatsa a waje, sidarait bai gama narkewa ba a ciki.

A 2012 Weber da abokan aikinta suka ƙara wani abu da ya ɗaga maganar. Da suka duba ɓawon da madubin lantarki, sun ga ƙananan siffofi masu kama da ƙwayoyin bakteriya, har da zaruruwa murɗaɗɗu irin na Gallionella, wata bakteriya da ke samun abincinta daga mayar da narkakken ƙarfe tsatsa. Sun kuma sami kabon da naitirojin a tattare da siffofin, da alamar cewa daga abu mai rai suka fito. Bakin ƙwallon, inda ƙarfe daga ciki ke haɗuwa da 'yar oksijin daga waje, shi ne ainihin mazaunin da irin wannan halitta ke so.

Ɓangaren Chan ba su sallama ba, kuma ƙorafinsu mai nauyi ne: a nuna sidarait ɗin kansa a cikin duwatsun Moqui. Siffar lu'ulu'u kaɗai ba ta isa ba, domin akwai wasu ma'adinan dangin kabon da ke da irin wannan siffa. Sun kuma nuna cewa tsatsar da ta fara kwanciya a matsayin abu mai danƙo tana iya sake tsara kanta, ta yi zobba da ɓawo, kamar yadda aka sani tun gwajin da masanin sinadarai Liesegang ya yi a 1896. Masu ra'ayin sidarait suka amsa cewa rashinsa shi ne abin da bayaninsu ya yi hasashe, tunda oksijin ta daɗe tana aiki a dutse mai ramuka irin wannan. Amsar tana da ma'ana, amma hujjar da ta dogara da rashin abu kullum tana buƙatar wata ta tallafe ta.

Hanya ta uku ta fito daga Japan a 2018. Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya da tawagarsa sun yi aiki a Utah da kuma hamadar Gobi ta Mongoliya, suka ce ƙwallon asali na kalsait ne, ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, wanda babu ƙarfe a cikinsa. Ruwa mai asid da narkakken ƙarfe ya zo ya taɓa shi, kalsait ya narke ya kashe kaifin asid ɗin a daidai wurin, ƙarfen ya kasa zama a narke, ya kwanta a matsayin ɓawo. Abin da ya ba wannan bayani armashi shi ne sun sami ƙwallayen a matakai daban-daban: wasu zallar kalsait, wasu da siririn ɓawo da sauran kalsait a ciki, wasu kuma kalsait ɗin ya tafi duka. A nan ƙarfen daga waje ya zo, a bayanin Loope daga ciki, amma dukansu sun haɗu a kan cewa ƙwallon da muke gani a yau magaji ne, siffarsa ta wani ce da ya shuɗe.

Maganar shekaru

A 2014 Peter Reiners na Jami'ar Arizona, tare da Chan, ya auna shekarun tsatsar kanta. Lokacin da take daskarewa takan kama ɗan yuraniyom da toriyom, waɗanda ke ruɓewa a hankali suna fitar da iskar hiliyom da ke maƙalewa a cikin ma'adinin. Yawan hiliyom ɗin da ya taru shi ne agogon. Sakamakon ya nuna mafi tsufa a cikin abin da suka auna yana wajen shekara miliyan 25. Na yankin Escalante suna tsakanin miliyan 2 zuwa 5. Wasu ma ba su wuce shekara 300,000 ba.

A dubi tazarar. Yashin ya kwanta shekara miliyan 180 da wani abu, ɓawon kuwa bai fi 'yan miliyoyi ba. Kuma shekarun na Escalante sun zo bayan lokacin da Kogin Colorado ya kama hanyarsa ta yanzu ya fara zurfafa kwaruruka, wajen shekara miliyan 5 zuwa 6 da suka wuce. Wannan ya ƙarfafa cewa zuwan ruwa mai oksijin ne ya daskarar da tsatsar. Sai dai agogon yana ƙirga lokacin tsatsa ne kawai. Idan akwai sidarait ko kalsait kafin ta, bai san da zamansa ba. Saboda haka kowane ɓangare ya ɗauki sakamakon ya ce ya dace da nasa, kuma kowannensu yana da gaskiya a kan haka.

Ni dai abin da na fi gamsuwa da shi shi ne, ƙwallaye masu ɓawo da fankon ciki sun gaji wani ƙwallo ne na dangin kabon. Shi ne bayanin da ke amsa tambayar cikin ba tare da an lanƙwasa shi ba. Ko sidarait ne ko kalsait, ina ganin amsar za ta bambanta daga wuri zuwa wuri, domin bambancin shekarun kansa ya nuna cewa ba sau ɗaya abin ya faru ba, ruwa iri-iri ne suka ratsa dutsen nan a lokuta mabambanta. Ƙanana masu cikakken ciki kuwa bayanin Chan ya ishe su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tilasta wa dukkansu asali guda don kawai sun yi kama a ido.

Wannan ne ma ya sa kwasar duwatsun ke damuna. Yankin yana cikin gandun Grand Staircase-Escalante da aka keɓe a 1996, kuma doka ta hana ɗaukar su a can, amma ana sayar da irinsu a kasuwannin duwatsu, har da iƙirarin suna warkarwa. Ƙwallon da aka raba da mazauninsa ya rasa mafi yawan abin da zai iya faɗa: ko a farin dutse yake ko a ja, nisansa da tsaga, tazararsa da maƙwabtansa, inda jelarsa ta dosa. Da waɗannan ake raba gardama, kuma ba sa dawowa.

Mai karatu a Arewa zai iya tambaya ko haka ƙwayoyin marmara suka samu, ko tamar Agbaja ta jihar Kogi mai ƙananan ƙwallaye. Halin ƙarfen ɗaya ne, hanyar ce daban. Na marmara a cikin ƙasar sama suke samuwa, inda damina ke jiƙa ƙasa ƙarfe ya motsa, rani ya busar da ita ya daskare, shekara bayan shekara. Na Agbaja kuwa tun lokacin kwanciyar lakar suka samu, a ƙarshen zamanin Kiritashiyos, suna tara rufi bisa rufi a kewayen wata ƙwaya, shi ya sa idan aka yanka su ake ganin zobba a jere. Su ba tsirowa suka yi a cikin dutsen da ya riga ya kafu ba.

Abin da ya kai maganar duniyar Mars

Ranar 25 ga Janairun 2004 motar binciken Opportunity ta hukumar NASA ta sauka a filin Meridiani na duniyar Mars. An zaɓi wurin ne saboda wani kumbo mai kewaya duniyar ya hango alamar hematait a can. Hotunan farko suka nuna ƙananan ƙwallaye masu 'yan milimita, wasu a baje a ƙasa, wasu a maƙale cikin dutse mai layuka. A watan Maris na'urar motar ta tabbatar hematait ne ya fi yawa a cikinsu. Masanan suka yi irin tambayoyin da aka yi a Utah. Shin a layi ɗaya suka taru, kamar yadda tokar aman wuta ko ɓaraguzan faɗowar dutse daga sama za su yi? A'a, sun watsu cikin dutsen da tazara. Shin sun lanƙwasa layukan? A'a. An ma ga wasu biyu-biyu da uku-uku a manne, kamar maƙwabtan da suka girma har suka haɗe. A watan Yunin wannan shekara Chan da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature cewa duwatsun Utah na iya zama misalinsu a doron ƙasa, kuma hakan na nufin ruwa ya taɓa ratsa wancan dutsen na Mars.

Har zuwa nan kwatancin yana tsaye da ƙafarsa. Bayan binciken Weber ne wasu suka so su ja shi gaba, su ce idan bakteriya ta gina na Utah, to na Mars ma alamar rai ne. A nan ya kamata a ja birki. Dutsen Meridiani ba yashin kwaz ba ne, cike yake da gishirin salfet, har da ma'adinin jarosait da ke samuwa a ruwa mai asid sosai. Ƙwallayen da motar ta goge da na'urar yankanta ba su nuna ɓawo da fankon ciki ba, cike suke. Alamun bakteriyar Utah kuwa a cikin ɓawon aka same su, a daidai siffar da na Mars ba su da ita. Opportunity ba ta ɗauke da na'urar gano sinadaran abu mai rai, kuma ta daina aiko da saƙo a watan Yunin 2018, lokacin da guguwar ƙura ta rufe mata hasken rana, bayan ta yi tafiyar kilomita 45. Har yau babu ƙwallo ko ɗaya daga Meridiani da ya iso ɗakin bincike a duniyarmu, inda za a iya yanka shi a sa a madubin lantarki kamar yadda aka yi wa na Escalante.